Kaji Biyu a Buhu

Shekara goma sha huɗu ta yi tana tsintar ƙwai a wata gona da ke bayan gari, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Uwar Kaji. Direbobin da ke zuwa ɗaukar kiret-kiret na ƙwai da shi suke kiranta, Manaja ma haka. Mijinta kuwa, wani tela siriri mai fama da asma tun yana saurayi, shi ya fi kowa jin daɗin sunan. In ta dawo da la'asar ya jiyo takunta daga ɗakin ƙofar gida inda kekensa yake, sai ya ɗaga ƙafa daga feda ya ce, "Maraba da uwar dubu goma sha biyu. Ya kika baro mini agololina?"

"Suna gaishe ka, Malam. Sun ce har yanzu ba ka ɗinka musu ko hula ba."

Su biyu ne kawai a gidan. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, suna ce mata Auta duk da ita ce ta farin, tana aure a wani gari mai nisa.

Gonar rumfuna huɗu ce dogaye masu rufin kwano, kowace da kaji dubu uku a jere cikin keji. Bayansu akwai garken shanun madara wajen arba'in, da ɗakin ajiyar abinci inda kyanwoyi suka yi gida saboda ɓera, sai wani tafki can ƙarshen shinge da tsuntsayen daji ke sauka su sha ruwa. Uwar Kaji ta san rumfunan nan kamar tafin hannunta. Ta san kejin da ƙofarsa ke cijewa, ta san famfon da ke ɗiga. Abin da ta fi sani shi ne ƙararsu, don kaji dubu uku ba sa shiru. Tun daga bakin titi ake jiyo su kamar kasuwa ta cika.

Ranar wata Litinin da safe ta tura ƙofar rumfa ta uku, sai ta ji takun takalminta na roba. Ba ta taɓa jin takunta a cikin rumfar nan ba. Ta tsaya da kwando a hannu. Kajin suna nan, amma sun takure, gashi a tashe, ido a lumshe. Ta bi layin farko ta ciro matattu tara. Zankonsu ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, ƙwan da suka saka kuma ɓawonsa laushi kamar leda. Kafin ta kai ƙarshen rumfar ta tara arba'in da wani abu a baro.

Manaja ya zo ya duba, ya sa ƙafa ya juya guda ɗaya. Mutum ne mai saurin magana, kullum da waya biyu a hannu, kuma yana tsoron mai gonar fiye da yadda yake tsoron mutuwa.

"Zafi ne," ya ce. "Ko abincin nan da aka kawo makon jiya. A ƙara musu magani a ruwa."

"Yallaɓai, na ga zafi ya kashe kaji. Ba haka suke yi ba."

"Iya, ke likita ce? A rufe su a rami, kuma maganar ta tsaya a nan."

Washegari ɗari uku suka mutu, ciwon kuma ya tsallaka rumfa ta biyu. Da azahar Manaja ya tara ma'aikata a gindin tankin ruwa ya ce duk kazar da ta fara langaɓewa amma da sauran ranta, kowa ya ɗauka ya kai gida, gara mutum ya ci da rami ya ci. Nan take aka hau wawaso. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, tsohon da ke tatsar shanu, wanda suke kira Baba Mai-Tatsa. Ya ja Uwar Kaji gefe.

"'Yar nan, ruwa ba ya tsami banza. Kyanwa uku na tsinta a mace yau a ɗakin abinci, ɗaya tana ta juyi kamar mai farfaɗiya kafin ta cika. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho kwana biyu ba ta ci ba, nononta ya yi kauri ya yi ruwan ɗorawa kamar dakashi, ita da ta haihu wata biyar. Ni dai ba na kai wa iyalina abin da ban san sunansa ba."

Ta ji maganar, har ta juya za ta tafi hannu rabbana. Sai ta tuna Tela da wuyansa da ya fito, ta tuna rabon da tukunyarsu ta ga nama. Ta ce a ranta ai wuta tana kashe kowace irin cuta. Ta koma ta zaɓi biyu masu ɗan kuzari, ta ɗaure musu ƙafa ta sa a buhun abinci.

Ta isa gida a gajiye liƙis, bayanta kamar zai ɓalle don turin baro. Tela ya leƙa buhun ya yi dariya.

"Yau kuma uwa ce da kanta ta kawo 'ya'yanta yanka? Lallai sabo da kaza ba ya hana yankanta."

"Bari in huta kaɗan in sa ruwan zafi."

"Kwanta abinki. Yau ni ne uwargida."

Ta so ta hana shi, amma tabarma ta riga ta karɓe ta. Daga kwance take jiyo shi a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, wuri ne matsattse da iska ba ta ratsawa. Ta ji ɗaya ta kufce masa tana fuffuka a fuskarsa, ya yi atishawa, yana ce wa kazar, "Haba baiwar Allah, ai mun zama 'yan uwa." Da ya yanka su bai jira ruwa ya tafasa ba, ya fige su a bushe, gashi yana tashi yana manne masa a gemu. Ya gyara, ya wanke, ya dafa da albasa da barkono har naman ya saki ƙashi. Suka ci a kwano ɗaya yana tura mata cinya tana mayar masa.

Ranar Alhamis motoci biyu farare suka shigo gonar. Baba Mai-Tatsa ne ya kira likitar dabbobi a ɓoye, don shanu bakwai sun kwanta, shi kansa idonsa ɗaya ya yi ja kamar gauta. Likitar mace ce ƙarama mai sanyin murya. Ta sa farar riga mai rufe har kai, da takunkumi da safar hannu, ta shiga rumfa ta uku. Ba ta yi minti biyar ba ta fito ta sa aka rufe ƙofar gona.

Kafin ta tara su, Manaja ya bi su ɗaya bayan ɗaya. "Duk wanda ya ce an fita da kaza daga nan, ni zai ɗaure, gonar kuma ba za a sake buɗe ta ba. Kowa ya tuna bakin da yake ciyarwa."

Likitar ta tsaya nesa da su kaɗan ta ce tana zargin murar tsuntsaye ce, gwaji zai tabbatar. Ta ce cutar ba a kaji kawai take tsayawa ba, tana iya kama wasu dabbobin, kuma wani lokaci tana kama mutumin da ya yi cuɗanya da marasa lafiyarsu.

"Ba na neman laifin kowa," ta ce. "Akwai magani, amma yana son a fara shi da wuri. Don Allah, akwai wanda ya kai kaza gida? Akwai wanda ya yanka ko ya fige?"

Baba Mai-Tatsa ya kalli Uwar Kaji da jan idonsa. Ita kuwa ta kalli takalminta. Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Amma ta ga Manaja ya kafe ta da ido, ta ga matan da suke aiki tare sun sunkuyar da kai, ta ji kunyar a ce ita, da furfurarta, ta kai wa mijinta kazar da ke bakin mutuwa. Kuma da safen nan ta baro Tela garau, yana yanka yadi yana rera waƙa. Ta haɗiye maganar.

Kwana biyu aka yi ana kashe kajin. Mutanen da suka zo da fararen riguna suka haƙa rami da katafila a bayan tafki, ana zuba kaji ana barbaɗa farin gari a kai. Har rumfa ta ɗaya da ta huɗu, da ko ɗaya ba ta yi tari ba, ba a bari ba. Uwar Kaji tana tsaye a jikin shinge tana kallo, ga ƙwai na ranar nan cike da kiret, su ma aka juye su a ramin. An rubuta sunayen ma'aikata da lambar wayarsu, aka ba su ƙwayoyi, aka ce wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon ido ya kira. Sunan Tela ba ya cikin takardar, don shi ba ma'aikaci ba ne.

Ranar Asabar ta dawo ta tarar keken a rufe da zane, shi kuma yana kwance yana rawar ɗari.

"Sauro ne," ya ce. "Kin san mu da su ba ma ga maciji."

Ta tsaya a kansa. Ta ce, "Malam, ko mu je asibiti?"

"A kan ɗan zazzaɓi? Karɓo mini magani a kemis. Ina da ɗinkin mutane, jibi za su zo."

Ta karɓo. Ta so ta gaya masa abin da likitar ta ce, sai ta ga in ta faɗa kamar ta kira abin ne da bakinta. Ta yi ta lallashin kanta cewa sauron ne. Lahadi ya wuni yana tari. Idonta na hagu ya fara ƙaiƙayi yana ruwa. Litinin da hantsi ta shigo da ruwan wanka ta same shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwa, yana jan numfashi kamar mai zuƙar ruwa da tsinke. Abin fesawarsa na asma yana hannunsa, ya fesa ya fesa ba ya yi. Leɓensa ya canza launi.

Maƙwabci ne ya kai su a motarsa. A asibiti, likitan da ke duba shi, wani matashi mai gilashi, yana sa masa abin awo a yatsa yana tambayar me yake yi, me ya ci, ina ya je. A nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi komai a tsaye, buhun, lungun, gashin da ya manne a gemu.

Likitan ya ja da baya taku ɗaya, ya gyara takunkuminsa. "Yaushe ya fige su, Mama?"

"Talata."

"Wace Talatar?"

"Wadda ta wuce."

"Zazzaɓin fa?"

"Shekaranjiya."

Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya dai kalli takardar hannunsa, sannan ya ce, "Ba cin naman ba ne, tunda ya dahu sosai. Figar ce. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Aka tura gadon Tela ta wata doguwar baranda zuwa ɗakin da ba a shiga. Ita ma aka killace ta a wani ɗaki na daban, mai gado ɗaya da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Gwaji ya nuna su biyun duk sun kamu. Nata ya tsaya a ido da ɗan ciwon kai, kwana uku ya washe. Ta ba likitocin sunan duk wanda ta ga ya ɗauki kaza, aka bi su gida-gida. Manaja ya kira ta sau shida ba ta ɗauka ba.

A rana ta biyu wata nas ta ji tausayinta ta kai wa Tela waya. Muryarsa tana fitowa guntu-guntu ta bayan abin iskar da aka rufe masa fuska da shi.

"Uwar Kaji."

"Na'am, Malam. Ka yafe mini. Na sani tun Alhamis, likitar dabbobi ta tambaya na yi shiru. Ni na..."

"Ke kika... aiko kazar... ta kufce?" Ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Rigar yarinyar nan... mai shuɗin yadi... saura maɓalli. Suna cikin... gwangwanin madara."

"To."

"Kar ki... gaya wa Auta... tana da ciki."

Nas ta karɓe wayar ta ce ya gaji. Da yamma aka sa masa na'urar da ke yi masa numfashi, bai sake magana da kowa ba. Ranar Juma'a da safe likita mai gilashi ya zo ya tsaya a bakin ƙofarta, bai shigo ba. Tun kafin ya buɗe baki ta gane, don ya cire gilashin yana goge shi da gefen riga.

Ba ta ga gawar ba. Ma'aikatan asibiti ne suka shirya shi, aka rufe shi a ranar, 'yan uwa suna tsaye daga nesa. Ita tana bakin taga tana kallon motoci suna shiga suna fita, wani mutum yana ta faɗa da mai gadi a kan wurin ajiye babur. Ta yi ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

Bayan kwana goma aka sallame ta. Ta tarar an yi wa gidan feshi, yana warin magani, an ƙona katifa da tabarma. Maƙwabta suna yi mata gaisuwa daga bakin ƙofa, ba mai zama, ba mai shan ruwan gidan. Maƙwabcin da ya kai su asibiti, da shi ma sai da aka tsare shi a gida kwanaki, yanzu in ya hango ta sai ya shige. Masu ɗinki ba wanda ya zo karɓar kayansa. Ta sa wa shuɗiyar rigar maɓalli, ta goge, ta kai har gida. Uwar yarinyar ta leƙo ta taga ta ce, "Allah ya jiƙansa, Iya. Ki bar ta kawai, mun yafe." Ta dawo da ita a leda.

Yayar Tela, wadda ta goye shi yana ƙarami, ita kaɗai ce ta shigo har tsakar gida. Tsohuwa ce mai sanda. Ta zauna a kan kujerar kekensa ta dubi Uwar Kaji.

"An ce an tambaye ku kin yi shiru."

"Haka ne, Yaya."

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Kwana ya ƙare, na sani. Ba mai wuce ranarsa. Zan yafe miki, don shi ma na san ya yafe, ba ya iya riƙo. Amma ba yau ba. Kar ki zo gidana tukuna." Ta dogara sandarta ta miƙe, ta ɗauki almakashinsa ta sa a jaka, ta fita.

Auta ta ji, don irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ta kira tana kuka tana cewa, "Umma, ki taho wurina, me za ki zauna yi a nan?" Bayan kwana biyu ta sake kira, muryarta a ƙasa, ta ce mijinta ya ce a bari sai ta haihu tukuna, wai don jariri. Uwar Kaji ta ce ai gaskiyarsa, ita ma da ita ce haka za ta ce. Da ta kashe wayar ne kukan ya zo, tana tsugune a gaban murhu da ashana a hannu.

Wata biyu bayan haka aka aiko mata daga gona. An sallami tsohon Manaja, an kawo sabo, ana neman masu wanke rumfuna kafin a zuba sababbin 'yan tsaki. Ta kwana uku tana cewa ba za ta ba. A na huɗu, duk da takabarta ba ta ƙare ba, ta sa takalmin roba ta fita, don ba ta iya wani aiki ba, kuma zaman gidan ya fi ƙarfinta.

Rabin ma'aikatan ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo ba sa yi mata magana sai dole, wasu don ta ba da sunansu, wasu don ba su san me za su ce ba. Aka ba ta takunkumi da safar hannu da burushi mai dogon hannu, ta kama kankare kashin da ya bushe a jikin keji. Da rana Baba Mai-Tatsa ya zo ya tsaya a bakin rumfar. Ya rame, idonsa ya warke. Ya ce shanu shida sun mutu, maruƙa huɗu, sauran sun tashi amma nonon bai dawo ba, mai gona yana maganar sayar da su.

"Ni kuma in an sayar, sai gida," ya ce. "Kin ji na ƙetaren kogi? Gonar mai agwagi. Jiya aka rufe ta. An ce har awaki sun fara kwanciya, kuma ma'aikaci ɗaya yana asibiti."

"Sun fita da wasu kafin a rufe?"

"Mota guda, aka ce. Da sassafe, zuwa kasuwa."

Ta jingina da burushin. Ta buɗe baki za ta tambaya ko an gaya wa likitar dabbobi zancen motar, sai sabon Manaja ya ƙwalla kira daga can, yana tambaya ko an gama wanke layi na biyu, motar 'yan tsaki ranar Laraba za ta iso. Baba Mai-Tatsa ya juya ya nufi garke a hankali. Ita kuma ta ɗaga bokiti ta je famfo ta taro ruwa.